Ranar da na goge awon mutanen kawuna

Shekarun baya kaɗan, lokacin da na fara koyon rubuta manhaja da bidiyoyin intanet da wata tsohuwar laftof da sai an tokare murfinta da bango, ji nake ba abin da ya fi ƙarfina a Suleja. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha bayanin kod, wato rubutun manhaja, ko da kuwa ruwa ya zo nema.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tela ne a bayan babbar kasuwa. Dukiyarsa ta gaske ba keken ɗinki ba ce, littattafan awo ne, tuli guda a kan kanta. Tsofaffin kwastomominsa, musamman masu aiki a Abuja, ba sa zuwa shago. Yadi kawai suke aikowa da direba, ya buɗe littafi, ya ɗinka. Har da ƙananan abubuwa yake rubutawa: wane kafaɗarsa ta hagu ta fi sauka, wane ba ya son wuya ya matse shi. Awon marigayi mahaifina ma yana ciki.

Na ce, "Kawu, bari in zuba maka duk wannan a kwamfuta."

Ya ce, "Injiniya, in ta goge fa?"

Nan fa na samu abin da nake so. A makon ne na gano wani abu da ya hana ni zama. Tsakanin manhaja da rumbun bayanai akwai wani tsari da ake kira ORM, kamar tafinta yake: ka ce masa ajiye wannan ko goge wancan, shi ya isar da saƙon. To ashe ana iya dasa mai gadi a kan hanyar, intasefta, ya tare kowane umarni kafin ya isa rumbun. Na rubuta nawa: in umarnin gogewa ya zo, ya tare shi, ya mayar da shi ɓoyewa. Na ce, "Kawu, ka san shingen bincike a hanyar Madalla? Haka yake. Ba mai wucewa. Ko kai ka danna goge, sai dai abin ya ɓuya, in dawo maka da shi."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka cika surutu."

Wata guda na yi ina kwafe littattafan nan. Na gwada mai gadina a gabansa, na goge mutum, na dawo da shi, har ya kira maƙwabcinsa ya gani. Saboda yarda da mai gadin nan ko kwafi ɗaya ban ajiye a wani wuri ba. Shagon kuma ƙarami ne, rufin yana yoyo, sai kawu ya tambaye ni ko littattafan suna da sauran amfani. Da bakina na ce babu. Ya ba mai tsiren bakin layi, yana naɗe nama da su.

Saura kamar sati biyu Sallah, yadi ya cika shago, na tuna akwai sunayen bogi da na zuba lokacin gwaji. Dukansu ba su da lambar waya. Maimakon in bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi wayo, na rubuta layi guda: goge duk wanda ba shi da lambar waya. Na danna.

Abu biyu ban yi tunani ba. Na farko, kawu bai taɓa rubuta lambar tsofaffin mutanensa ba. Me zai yi da ita? Ya san gidajensu, ya san ƴaƴansu. Na biyu, gogewar jimla irin wannan ba ta bi ta gaban mai gadi. Shi yana duba bayanan da aka ɗauko ɗaya-ɗaya ne, ita kuwa kai tsaye take zuwa rumbun, kamar motar da ta bi ɓarauniyar hanya. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a littafin bayanin tsarin, ni ne ban kai shafin ba.

Na buɗe wurin da ake ɓoye abubuwa, wayam. Na rufe na sake buɗewa. Kawu yana kan keke ya ce, "Injiniya, duba mini awon alhajin Kurmin Sarki."

Na ce, "Kawu... babu."

"To dawo da shi mana."

Na ruga wajen mai tsire da rana tsaka. Ya ɗaga kwali ya nuna mini ragowar, shafi uku ko huɗu, duk mai da yaji. Ya ce, "Ai da ka zo tun watan jiya."

Kawu bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gida-gida ya riƙa bi da tef ɗin awo a wuya, yana ba dattijai haƙuri. Wani dattijo ya ce masa, "Shekara nawa kana mini ɗinki, yau ka manta jikina?" Dattijon ya sa aka karɓo yadinsa. Na Abuja da yawa ba su samu zuwa ba, kayansu suka kwana har bayan Sallah, wasu ba su sake aikowa ba.

Na yi watanni ban taɓa laftof ba. Da na koma, abin da na fara koya shi ne ajiye kwafi, da karanta bayani har ƙarshe. Yanzu aikin nan nake ci da shi, har gobe ina son intasefta, sai dai ba na cewa kowa "ba zai taɓa gogewa ba".

Mahaifiyata ba ta san awon babana ya tafi ba, sai da ta kai wa kawu shadda ta ce a ɗinka mini da awonsa, tunda na kai tsayinsa. Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya jawo sabon littafi ya ce, "Ɗaga hannu, ɗana." Ya auna ni, ya rubuta da biro, ya ce mata, "Kafaɗarsa ce sak."

Har yau ban sani ba ko ya tuna ne, ko rufa mini asiri ya yi.