Kakata da Bangon Gidan Kallo

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar da na yi yawo da fim a aljihu ba. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin. Ni da abokina muka ɗauke shi da wayar yayana, wata uku muna wahala har ƙafafuna suka rage tsawo. Jarumarmu kakata ce, tana bin ɓarawon akuya da muciya. Na yi mata alkawarin ranar kasuwar Karaye za ta ga kanta a bangon gidan kallo, girmanta kamar rumbu.

Ranar tun da hantsi ta iso daga Yammedi, da zanen da ko biki ba ya zuwa, ta jawo ƙawayenta biyu.

Mai gidan kallon ya duba fim ɗin, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya miƙo min wayar.

"Samari, ya fi rabin abin da nake nunawa. Amma ba zan saka ba."

"Haba Baba, minti goma ne fa!"

"Ka ga majigin nan? Na kamfani ne daga Kano, har janareton. Sharaɗinsu, finafinansu kaɗai. In ina son mai kyau ɗaya, sai na haɗa da tarkace biyar. In na saka naka yau, gobe su kwashe kayansu."

Ni da abokina muka hau babur sai Rogo, wai can ba ruwansu. Ashe majigin can ma ƙanin wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan la'asar muka dawo, bayana ya sandare kamar taɓarya.

Na tarar da Kaka a gindin darbejiya ita kaɗai, ƙawayen sun gaji sun tafi. Sai na kunna mata fim ɗin a waya. Ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe tana kallo.

"Kai ja'iri, wannan ƙudan ni ce?"

Ta gyara zanenta, ta ce in tsayar mata da mota.

Bara malaminmu yake faɗa mana haka manyan kamfanonin Amurka suka danne ƙanana tun farkon sinima: su ne da fim, su ne da gidajen kallo. 'Yan aji na ta mamaki, ni kuwa hamma na yi. Tun ranar Kaka na sani, mai bango shi ke da fim, kuma ba a alkawari da bangon wani.