Aska Ɗaya a Gindin Dogon Yaro

Duk faɗin Cadawa ba a haifi yaron da ya kai ni Faransanci ba. Haka nake faɗi a da, har kajin gidanmu sun haddace. Amma yau, da ƙamshin gasasshiyar hanta ya taso daga tukuba ran kasuwa, sai raina ya ɓaci.

Ina aji huɗu a lakol idanun baffa, ƙanen mahaifina, suka koma ruwan ɗorawa. Damina ce, gero ya fara bununi. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, aka tafi da ni tafinta. Majo mai duba marasa lafiya ya zazzaga mini Faransanci kamar ruwan ƙanƙara, ya rubuta kalma ɗaya: epatit. Bahaushe ne fa! Bakinsa zai tsage ne in ya faɗa da Hausa?

A zaure kaka ya ce, "To malam, me takarda ta ce?"

Da in ce ban sani ba, gara in haɗiye galma. Na gyara murya na ce, "Mugun jini ne."

Mugun jini kuwa sai ƙaho. Wanzami ya zo ya tsattsaga bayan baffa, kaka ya ce a yi wa sauran maza ma, rigakafi. Muka jeru a gindin dogon yaro, aska ɗaya, yana shafe ta a cinya tsakanin mutum da mutum. Baffa bai ga girbi ba.

Bara aka auna jinina a garin Agiye, sai ga kalmar nan ta sake biyo ni. 'Yata mai karatun jinya ta ce daga bakin Girkawan dauri take: hefar hanta, itis kumburi. Wani irinsa ta jini yake bi, aska ɗaya ta isa. Kumburin hanta! Maganar da kowane mahauci ya sani, aka naɗa mata rawani, aka miƙa wa yaro mai bakin tsiya. Yanzu wanzami sabuwar reza yake ɓarewa gaban kowa, amma wa zai maido mana baffa?

Duk da haka hali zanen dutse. Na je na baje wa inna, mahaifiyata, Girkancina, hefar, itis, har da ɗaga yatsa.

Ba ta ko daina tsince wakenta ba. Ta ce, "Hanta ce ta kumbura? Ai tun ran nan na faɗa, da na taɓa gefen cikinsa. Aka ce in yi shiru, ɗan lakol na magana."