Sunana a Gefen Taswirar Malam Auwalu

Shekara shida ke nan da rasuwar mijina, Malam Auwalu, malamin kwamfuta a jami'ar da ke nan Wudil. Allah Ya jiƙansa.

Yakan hau babur zuwa Dagumawa da Lajawa, ya zauna da manoma yana yi musu tambaya ɗaya: idan iri ya ƙare maka, ko ciwo ya shigo gidanka, wajen wa kake zuwa? Sai ya zuba amsoshin a kwamfuta. Waɗanda suke yawan neman juna sai ta tara su wuri guda, ta ja musu iyaka, ta shafa musu launi. Sai ga taswira kamar ta ƙasashen duniya, har da teku shuɗi a tsakani. Wanda ba shi da kowa yakan fito kamar tsibiri, Malam kuwa sai ya niƙi gari ya je gaishe shi.

Da ya zana ta unguwarmu, Sabon Gari, na nemi sunana. Yana can gefe, zare ɗaya ya haɗa ni da garin, zaren kuwa Malam ne. Ni 'yar Gombe ce, aure ya kawo ni.

"Maman Hafsa, zumunta a ƙafa take," in ji shi. "Bayan girbi zan zaga da ke gidaje."

Bai kai girbin ba. Haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Kano.

Bana ciwo ya kwantar da 'yarmu Hafsa, aka ce sai an ƙara mata jini. Na tsaya a barandar asibiti ina kiran lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya. Kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifinsu ba, rayuwa ta matse kowa. Da Malam zai dawo ya sake zanen nan, me zai gani? Ina tsoron tekun ya cinye ƙasar.

Kashegari wani magidanci daga Lajawa ya zo, ban taɓa ganinsa ba. Labarin ya ji a kasuwa.

"Hajiya, ina Legas lokacin da Malam yake zuwa gaida mahaifiyata. A ɗebi jinina."

Alheri danƙo ne, an ce. Kwamfutar ta lalace tuni, zanen unguwarmu da ke bangon ɗakina ya koɗe. Abin da ya saura na Malam yana gudana a jikin 'yarsa. Amma likita ya ce za a sake buƙatar jinin, kuma mutum ɗaya ba ya bayarwa kullum.