Rajistocin da Na Ɓoye wa Abokin Aikina

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ina aiki a wani ɗan ɗaki a Daura inda ake karɓar kiran gaggawa na motocin asibiti. Wayoyi biyu ne a gabana da oba-oba ɗaya ta magana da direbobi, da rajistar rubuta kira. In mace tana naƙuda ta gagara a ƙauye, ko babur ya kayar da mutane a hanyar Mai'adua, ni ake kira, ni kuma in duba motar da ta fi kusa in tura ta. Ni ne na farko da aka ɗauka da aka buɗe ɗakin, kuma na san ƙasar Daura sani na gaske. Mutum zai ce yana gindin wata tsamiya kafin a shiga Sandamu, kafin ya rufe baki na gaya wa direba ta inda zai bi ya kauce wa yashi. Wannan sanin shi ne abin taƙamata, kuma shi ne ya rufe min ido.

Akwai wani ƙanen abokina da muke unguwa ɗaya, ya gama makarantar koyon aikin lafiya yana zaune ba aiki. Ni na kai takardunsa wurin oganmu, na yi ta safa da marwa har aka ɗauke shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Yaya yake ce min, kuma bai taɓa wuce ni bai gaishe ni da girmamawa ba. Na koya masa hanyoyi, na koya masa yadda ake kwantar wa mai kira hankali har ya iya faɗin inda yake. Wata rana bayan na tura mota wani ƙauye na ajiye waya, sai ya tambaye ni me mutanen can za su yi kafin motar ta isa, tunda tafiyar ta fi rabin awa. Na ce masa namu tura mota, sauran na Allah ne da likitoci. Na ga dai maganar ba ta zauna masa ba.

Bayan kamar shekara biyu aka aiko a ba da mutum ɗaya ya tafi kwas na wata uku a Kaduna, kan yadda mai karɓar kira zai riƙa jagorantar mutane ta waya su ceci rai kafin mota ta zo. Ban ko yi shakka ba ni za a tura. Har na sa an ɗinka min sababbin kaya. Sai oga ya kira sunan ƙanen abokin nan nawa, ya ce shi ke da takardar aikin lafiya da aka nema. A gaban mutane na yi masa murna, na rungume shi. Amma da na koma gida na kasa cin tuwo, har maiɗakina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Wata ukun nan, duk sanda ya bugo ya gaishe ni yana ba ni labarin abin da suke koya, ji nake kamar gori yake min, alhali Allah ya sani zumuɗi ne kawai irin na wanda ya ga haske yana son a gani tare da shi.

Da ya dawo sai ɗakin ya canza. In an kira shi, ba ya ajiye waya bayan ya tura mota. Zai tsaya yana cewa a kwantar da mara lafiya ta gefe, a danna wurin da jini ke fita, kada a ba wanda ya suma ruwa. Direbobi suka fara yabonsa, ungozomomin ƙauye suka fara tambayar ko shi ne a bakin aiki. Ya shirya mana bita kyauta ranakun Asabar, ya fassara matakan da ya koyo zuwa Hausa a kan katuna, ya ajiye wa kowa nasa. Duk Asabar sai na samo uzuri: yau gona, gobe ɗaurin aure. Na ce a raina yaron da na koya wa riƙe oba-oba ba zai tsaya a gaban allo ina zaune kamar ɗan firamare ba. Katunan da ya ɗora min a tebur kuwa, na kwashe su na watsa a kwandon shara ban ko karanta ba.

Bai tsaya nan ba. A takardar aiki mu ba kowa ba ne, an rubuta mu a matsayin masu amsa waya, ba horo, ba hanyar ƙarin girma, ba mai tambayar yadda mutum yake kwana bayan ya ji ran wani ya fita a kunnensa. Sai ya tara masu irin aikinmu na garuruwan da ke kewaye suka kafa ƙungiya, suka zaɓe shi shugaba. Ya yi ta zirga-zirga har wani ɗan majalisa ya yarda ya gabatar da ƙudirin da zai sa a ɗauke mu a matsayin ma'aikatan agajin gaggawa, a kuma wajabta ba kowa horo. Da aka sa ranar da kwamitin majalisar zai saurare mu a Katsina, ya zo har gida ya same ni bayan la'asar, ya zauna a ƙasa kan tabarma. Ya ce abu biyu yake roƙo: in kawo tsofaffin rajistocina, don a cikinsu ne kawai aka rubuta kowane kira tun ranar farko, sannan ni in fara magana a gaban kwamiti, tunda ni ne babba. Ku lura, ni ya sa a gaba. Amma ni abin da idona ya gani shi ne sunansa a ƙasan takardar gayyata da kalmar shugaba a gefe.

Na ce masa ba komai, in sha Allahu. Washegari na kwashe rajistocin daga kabad ɗin ofis na zuba a buhu, na kai su ɗakin ajiyar hatsi na gidanmu na gado. Na dawo na ce gara ta cinye su, na zubar da ragowar. Ya dafe kai ya yi salati, bai zarge ni ba. Daga nan na bi abokan aikinmu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa fitowa na ce kada su je ba. Cewa nake yi su dai yi hattara, na ji ana raɗe-raɗin muƙami yake nema da sunanmu, kuma manya ba sa son ƙaramin ma'aikaci ya tsallake su ya kai magana majalisa. Ba wanda ya faɗa min haka, ni na ƙirƙira. Da yake ni ne dattijon wurin, sai aka gaskata ni. Ranar tafiya na aika masa cewa zazzaɓi ya kayar da ni. Motar da ya ɗauko ta mutum goma sha takwas, mutum uku suka shiga.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka raka shi ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya yi bayani mai kyau, 'yan kwamitin sun saurare shi da mutunci, amma suka tambaye shi ina mutanen da yake wakilta, ina kuma shaidar yawan aikin da yake cewa muna yi. Ba shi da ko ɗaya. Suka ce ya je ya haɗo hujjoji a sake zama, kuma kafin hakan ta yiwu wa'adinsu ya ƙare, magana ta kwanta. A ofis aka riƙa yi masa shaguɓe ana kiransa Onarabul. Bai daɗe ba ya nemi a mayar da shi wani ƙaramin asibitin ƙauye, aka mayar da shi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ranar da ya kwashe kayansa na ji wani sanyi a zuciyata. Ɗakin ya dawo nawa.

Wata biyar bayan haka, da damina, ranar kasuwar Mai'adua, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe waya ta yi ƙara. Wani mutum ne daga kusa da Kongolam. Ya ce ƙanensa ya ɗauko awaki a babur za shi kasuwa, ya zame ya faɗa kan wani karyayyen ƙarfe a gefen kwalbati, cinyarsa ta tsage, jini na tsartuwa. Motar da ke yankin ta ɗauki mai naƙuda, wadda ta rage tana can Sandamu. Na tura ta, na gaya masa mota na hanya. Sai ya ce min, "Malam, to kafin ta zo me za mu yi? Jinin nan ba ya tsayawa. Don Allah gaya min abin da zan yi." Na ce su ɗaure wurin da tsumma. Ya ce sun ɗaure ya jiƙe, wani na cewa a zuba ƙasa, wani na cewa a ɗaga shi zaune a ba shi ruwa, wanne za su bi? Ban sani ba. Na jawo durowa ina laluben katunan nan, sai na tuna inda na jefa su.

Lambar abokin aikina na cikin wayata ta aljihu. Na ciro ta na duba sunansa, na mayar. Wallahi na mayar. Mutum na zubar da jini a gefen titi, ni kuma ina tunanin yadda zai ji cewa Yaya ya kasa. Na ci gaba da ce wa mai kiran su yi haƙuri, su yi addu'a, mota ta kusa. Ban san minti nawa na ɓata a haka ba, na dai san da yawa ne. Sai da ya ce ƙanen ya fara daina amsa magana sannan na buga wa abokin aikina. Ya ɗauka a ƙarar farko. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in buɗe lasifikar wayoyin biyu in haɗa su. Ina riƙe da su ina jin yadda ya kira mutumin da ɗan'uwa, ya sa shi ya kwantar da ƙanen, ya cire rawaninsa ya ɗaura a saman raunin, ya zura sanda ya murɗa har jinin ya tsaya. Cikin ɗan lokaci kaɗan ya tsaya. Abin da na kasa faɗa ke nan, bai fi jimla huɗu ba.

Direba ya ɗauko mai raunin da rai, amma kafin su shigo Daura ya cika. An ce jinin da ya zubar tun farko ya yi yawa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba wanda ya tuhume ni. Bayan kwana uku yayan mamacin ya sake kiran layinmu, ya ce godiya ya bugo ya yi, don ban kashe masa waya ba, na tsaya tare da shi har na nemo mai taimako. Ya yi min addu'a mai tsawo, ya ce marigayin ya bar mata da 'ya'ya biyu, mu sa su a addu'a. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na yi mako biyu ina fama da kaina kafin na hau babur na tafi ƙauyen da abokin aikina yake, da buhun rajistoci a baya. Na same shi yana duba yara a baranda. Na jira ya gama, na sauke buhun a gabansa, na gaya masa komai: garar ƙarya, raɗe-raɗin ƙarya, zazzaɓin ƙarya, da lokacin da na ɓata kafin in kira shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce maganar raɗe-raɗin ta daɗe da zuwa kunnensa, ya ƙi yarda ne saboda ni ne. Ya ce, "Yaya, abin da ka yi min na yafe. Na mutumin Kongolam kuwa ba nawa ba ne da zan yafe." Bai rako ni bakin hanya ba kamar yadda ya saba. Har yau muna gaisawa, ya kuma koya min duk abin da na ƙi koya a da, amma bai sake zuwa gidana ya zauna ba. Ƙudirin nan wasu sun sake tayar da shi, na je na yi magana a inda aka kira mu, sai dai shi ya ce ya gaji, ba ya ciki.

Abin da na gane shi ne hassada ba ta zo min da sunanta ba. Ta zo min a matsayin kare mutunci, da sanin girma, da cewa an zalunce ni. Duk lokacin ina sallah a sahun gaba, ina jin wa'azi a kanta, ina zaton da wasu ake. Don haka ina kira ga duk wanda rayukan mutane ke ratsawa ta hannunsa, ko nas ne, ko direba, ko mai karɓar kira irina: in na bayanka ya samo ilmin da ba ka da shi, ka zauna ka koya ko da kai ka kawo shi aikin. In ya tashi nema muku haƙƙi, ka bi shi ko da sunansa ne a sama. Ni na zaci shi nake yaƙa, ashe wanda zai ɗauki nauyin abin wani bawan Allah ne da bai san ni ba, bai san shi ba, ya fito da awakinsa za shi kasuwa. Ina roƙon masu karatu su yi masa addu'a, shi da iyalinsa. In da saura, su sa ni a ciki.