Gicciye a Cikin Riga

A ƙofar majami'ar San Juan de los Lagos a ƙasar Meziko, Doña Eduviges, mai koya wa yara addu'a, tana kallon wani dattijo da ba ta sani ba. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a wurin, don da rarrafe ya shiga gaban bagadi. Hannayensa irin na masu saran rake ne. Wane zunubi ne ya ɗauko daga nesa haka?

Yanzu ga shi gaban mai kanari, tsuntsun da ke zaro wa mutane takardar ƙaddararsu.

"Matso, baba!" in ji mai tsuntsu. "Can ka roƙa, nan ake ba da amsa!"

"Rage murya, ɗana," in ji dattijon, idonsa a ƙasa. "Tambaye shi, an yafe mini, ko an riga an rubuta?"

Yana waiwayen majami'a, ya tura gicciyen wuyansa cikin riga, ya sa maɓalli har maƙogwaro, kada Yesu ya gani.

Eduviges na shirin yin tsaki, mai tsuntsu ya ce, "Inna, ke ce ta gaba."

Ta shafa wuyanta. Ashe ita ma a layin take, kuma tun a gida ta cire nata gicciyen.