Abin da Auta Ta Faɗa wa Fada

Ɗalibai na kiransa Malam Aya-nawa, don ba ka isa ka ce "an rubuta" a ajinsa ba sai ya nuna ka da alli ya ce, "Sura ta nawa, aya ta nawa?" Shi ke koyar da addini a sakandaren Katolika da ke bayan tashar mota, tun gashinsa na baƙi wuluk har furfura ta cinye shi. Da ƙuruciya ya so zama Fada, wato limamin coci da ba ya aure, har ya shiga makarantar horo, sai ya haɗu da wata mai ɗinki, zance ya ƙare. Bai taɓa nadama ba. 'Ya'yan da ta haifa masa duk sun bi ta ajinsa sun wuce, saura Auta.

Ita kuwa Auta, kai! Daga ƙofar gida har ƙofar makaranta tana bayan babur ɗinsa tana zuba kamar rediyo. Sai wani zango ta yi tsit. Abinci ta juya cokali ta tashi. Siket ɗin makaranta ya dinga zamewa daga ƙugunta, uwar na ragewa. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. An yi lallashi, an yi faɗa, an yi kuka, amsar ɗaya ce: "Ba komai."

"Kana nuna wa 'ya'yan mutane hanyar Allah, taka 'yar ta gagare ka?" in ji matarsa. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai.

Cikin aikinsa akwai jera ajinsa a bencin ɗakin sujada, su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu ga Fada a bayan labule. Shi yana tsaye yana hana surutu. Yawancinsu shiga da fita ne, me ɗan sakandare ya aikata ban da satar amsa da zagin malami a zuci? Ranar da layi ya zo kan Auta, ta shiga ta daɗe, har yara suka fara zunguri juna. Yana jin muryarta ƙasa-ƙasa tana karyewa. Da ya ɗan matsa kusa da labulen da ya ji komai. Ƙafarsa ta so, wallahi ta so. Ya ja ƙafar ya fita baranda ya tsaya yana kallon filin ƙwallo. Auta ta fito ido jajur, ta wuce shi kanta a ƙasa.

Da aka tashi ya sami Fada a ofis. Abokinsa ne tun makarantar horo, kuma shi ya yi wa Auta baftisma.

"Fada, ban ce ka gaya mini ba. Ciwo ne? Wani ne ya taɓa ta? Gyaɗa kai kawai, ko ka girgiza."

Fada ya zuba masa shayi, ya tura kofin gabansa.

"Malam, benci ɗaya muka zauna aka koya mana wannan."

"'Yata ce fa!"

"Na sani. Sha kafin ya huce."

Malam ya kafa masa ido ko fuskar za ta faɗi abin da baki ya ƙi. Fada ya gane, sai ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Haka suka zauna, fanka na kaɗawa, ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba. Malam ya ji haushin abokinsa kamar ya jefa masa kofin. Da a ce Fada ya faɗa kuma, da har abada ba zai ƙara ganin girmansa ba. Wannan ya fi komai cin ransa.

Ba a daɗe ba manhaja ta kawo su kan sirrin furta zunubi, kuma ba darasin da ake tsallakewa ba ne. Ya tsaya gaban allo ya bayyana yadda ya saba: abin da aka faɗa a bayan labule ya mutu a nan, ko alƙali, ko 'yan sanda, ko an ɗora wa Fada wuƙa a wuya. Auta na layi na biyu, tana kallon tebur.

Wani dogon ɗalibi mai son musu ya ɗaga hannu daga baya.

"Malam, to in uban mutum ne ya je ya tambaya fa?"

Allin ya tsaya a hannunsa. Ya san in ya ce "ya danganta", ba wanda zai kama shi a ajin nan.

"Ko ubansa ne. Ko da kuka ya je."

A nan ne ya ga Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki, har ta ɗago ta dube shi da ɗan murmushi, na farko tun da abin ya fara. Ya juya ya fuskanci allo, ya ce su buɗe shafi na gaba.