Wayar Ƙarfe a Ƙoƙon Gwiwata

Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana lokacin da na karye. Ni kaɗai nake kwana nake tashi a gidanmu na Angwan Iya. 'Yarmu guda ce, tana aure a Sakkwato. Na riga na yi ritaya daga koyarwa, aikina bai wuce shara da wanki da sauraren rediyo ba.

Da damina ne, da hantsi. Na gama wanki na ɗauko baho zan je shanya. Bakin rijiya ya yi gansakuka, kullum ina cewa zan kankare ban kankare ba. Santsi ya kwashe ni, na zo ƙasa da gwiwar dama a kan gefen dakali. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Na yunƙura zan tashi, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Da na shafa gwiwar sai yatsana ya faɗa wani rami a tsakiyar ƙoƙon, inda da ƙashi ne sumul.

Salulata na cikin ɗaki. Na yi ta kiran maƙwabciyata ta kan katanga har muryata ta dushe, ashe ta tafi kasuwa. A nan na zauna cikin ruwan kumfa, kaji na kewaya ni, har aka kira azahar. Sai bayan salla ta shigo maido mini da rariyar da ta ara. Ita da mijinta suka ciccibe ni zuwa keke mai ƙafa uku.

"Malama, ko mai ɗori za a kira?" in ji mijin.

Na ce a'a, asibiti za a kai ni. Na riga na taɓa ramin nan da hannuna, na san kara da tsumma ba za su rufe shi ba.

Likitan ƙashi bai fi sa'an 'yata ba. Ya ɗaga hoton gwiwar da aka ɗauka ya nuna mini ƙoƙon ya rabe biyu, rabi ya yi sama, rabi ya yi ƙasa. Ya ce jijiyar cinya ce ke jan na saman, shi ya sa ba za su haɗu da kansu ba.

"Mama, za mu buɗe wurin mu haɗa su. Za mu zura ƙarafa biyu sirara, sannan mu ɗaure da wayar ƙarfe, mu naɗa ta kamar lamba takwas. In kin fara lanƙwasa ƙafar, wayar ce za ta riƙa matse ƙashin har ya kama."

Na ce to. Ya miƙo takarda ya tambayi wanda zai sa hannu tare da ni. Na waiwaya. Maƙwabciyata ta koma gida dafa wa yaranta abinci. Na karɓi biro na sa hannu a layina, ɗaya layin na bar shi haka.

"Ba ki da kowa a kusa?"

"Ina da 'ya. Tana nesa."

Ban gaya masa tana da cikin wata bakwai ba, kuma ta yi ɓari sau biyu kafin wannan. Na san in ta ji, a ranar za ta hau mota. Tun a keke na yanke cewa ba za ta ji ba.

Bayan kwana biyu aka shiga da ni tiyata. Allura suka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Suka kare ni da koren ƙyalle. Ina jin ƙarar injin huda ƙashi, ina jin ana jan ƙafar ana turawa, ba zafi ko kaɗan, kamar ƙafar wata ake yi wa aiki. Suna hirarsu ƙasa-ƙasa da Turanci. Ni kuwa na kafa wa silin ido ina salati. Da aka turo ni waje, na ga mutane zaune a benci sun miƙe suna leƙen fuskata, da suka ga ba tasu ba ce suka koma suka zauna.

A ɗakin mata, ƙarfe huɗun yamma ne ya fi yi mini nauyi. Lokacin ake buɗe ƙofa ga masu dubiya. Ɗaki ya cika da kuloli da sallama da kukan jarirai, kowane gado da mutanensa. Ni sai in juya fuska bango in yi kamar barci nake. Maƙwabciyata na kawo mini koko da safe ta koma da sauri, tana da sana'arta. Malamai uku da muka yi aiki tare sun zo sau ɗaya, suka tsaya a kaina suka yi addu'a suka tafi.

A gadon da ke kusa da nawa wata matashiya ce da babur ya kaɗe, uwarta ke jinyarta. Tsohuwa ce manomiya daga Panda, Kirista, Hausarta a karkace, takan ce wa mace "kai". Rana ta biyu bayan aikin, fitsari ya matse ni, nas ɗin tana can ƙarshen ɗaki, kunya ta hana ni ɗaga murya. Tsohuwar ta dube ni ta gane. Ta ja labule ta kawo fo, ta tallafe ni, ta je ta zubar ta wanke.

Na ce, "Mama, na gode. Allah Ya saka."

"Kai ba ka da mutum?"

Na ce ina da shi, yana nesa.

"To ni ina nan."

Daga ranar in ta dafa wa 'yarta doya sai ta zubo mini. Da ta lura da lokutan sallata, ita ke kawo mini ruwa a buta da roba kafin in tambaya. Ba mu cika hira ba. Takan zauna a tsakanin gadajen biyu tana ɓare gyaɗa, wani lokaci tana 'yar waƙar coci da harshensu. Kwana shida muka yi a haka, aka sallame su ina ɗakin wankin ciwo. Na dawo na tarar an cire zanin gadon. Ta bar mini gyaɗa a ƙulle a kan loka. Har yau ban san sunanta ba, Mama kawai nake ce mata.

Kullum 'yata na bugowa. Rannan ta ce, "Umma, wace hayaniya nake ji haka?"

Na ce, "Ina cikin mutane ne."

Na koma gida da sanduna biyu. Tsakar gidan da nake sharewa cikin minti goma ta zama tafiya. Salla a kan kujera nake yi, ƙafar a miƙe a kan wata kujerar, in sunkuyar da kai a madadin sujada. Sau biyu a mako nake hawa keke zuwa sashen gashin ƙashi. Matar da ke wurin takan kama ƙafar ta lanƙwasa a hankali har sai na ga duhu-duhu, ta ce, "Saura kaɗan, Hajiya," alhali ba kaɗan ba ne. A gida kuma ni zan yi wa kaina. In zauna a bakin gado, in ɗora ƙafar hagu a kan ta dama in danna, ina hawaye, ba mai cewa in ci gaba, ba mai cewa ya isa.

Mako bakwai da faɗuwata 'yata ta haihu, namiji. Mijinta ya bugo ya yi mini albishir, ya ce zai turo mota ta ɗauke ni kafin suna. A nan dabara ta ƙare mini. Na ce ya ba ta salular, na gaya mata komai, tun daga bakin rijiya.

Da na gama sai ta ce:

"Mako bakwai, Umma?"

"Lafiyarki na duba."

"Wa ya yi jinyarki?"

Na ce wata baiwar Allah daga Panda.

"Ni kaɗai gare ki, kuma ni ce ta ƙarshen ji." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jariri na kuka, ta kashe.

Ranar suna ina zaune a tsakar gida, ana turo mini hotuna ina kallo. Kwana huɗu ba ta kira ni ba, ni ma na kasa kira. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Yaron ya zo lafiya, wannan na sani, amma na san kuma na ɓata mata rai ɓacin da ya daɗe.

Da ta yi arba'in ta zo da shi. Ta yaye zanina ta dubi tabon ɗinkin, ta taɓa ƙullin wayar da ake ji a ƙarƙashin fata, ta yi kuka. Mako biyu ta yi, ita ke danna mini ƙafar safe da yamma, hannunta ya fi na matar asibiti tsanani. Kafin ta tafi ta sa na yi mata alkawari ko ciwon kai ne zan faɗa.

Likita ya ce ƙashin ya kama, wayar kuma a bar ta tunda ba ta damuna. A wata na biyar, ranar wata Talata da la'asar, na ture kujerar sallar na gwada yin sujada a ƙasa. Na dafa ƙasa da hannu biyu, na sauke gwiwar hagu, sannan ta dama a kan filo, goshina ya taɓa darduma. Na daɗe ban ɗago ba. Tashin ne ya gagara, sai da na ja jiki zuwa bakin gado na kama ƙarfensa na miƙe. Na zauna ina haki. Da numfashina ya dawo, na ɗauki salula na kira Sakkwato.